Tuwon Sallah a Bayan Shingen Janar

A gidanmu Janar muke kiransa, har a gabansa, kuma ba ya hana mu, ko da yake bai taɓa shiga soja ba. Direban tirela ne da ya yi ritaya, baƙar fata ɗan ƙasa, dogo mai farin gemu, kuma shi ne maƙwabcina na hannun dama tun da muka sayi gida a garin Bowie, a jihar Maryland ta Amurka. Matarsa ta rasu kafin mu tare, 'ya'yansa sun watsu a wasu jihohi. Shi kaɗai yake zaune, daga shi sai abin da ya tara.

Abin da ya tara kuwa sai wanda ya gani. Ran da ya fara saukar da ni ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, na ɗauka kasuwar Singa aka ciccibo daga Kano aka binne a Maryland. Gwangwanayen wake da na kifi har rufi. Shinkafa a manyan robobi masu murfi. Ruwan da zai isa a yi wa giwa wanka safe da yamma har ta tsufa. Fitilu, batura, magunguna, rediyon da ake murza masa hannu ya yi magana, har da irin shuka a kwalabe. A ƙurya kuma ga wani akwatin ƙarfe mai tsayin mutum, kamar firji. Ya danna lambobi ya buɗe mini. Bindigogi ne a jere, dogaye da gajeru, an shafe su da mai suna ƙyalli, akwatunan harsashi a ƙarƙashinsu.

Na ce, "Janar, wannan duk na wane yaƙin ne? A sanar da ni da wuri in kwashe iyalina."

Ya ce, "Rayuwata duka abinci na yi ta kai wa kantuna. Na san abin da ke bayan kanti. Babu komai. Ran da manyan motoci suka tsaya, kafin mako ya zagayo, wanda yake ɗaga maka hannu kullum shi zai zo ƙofarka da guduma."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Haba Janar! Abin da kake kira tashin duniya, mu a garinmu ranar Talata muke ce masa. Ba wuta, ba ruwan famfo, ba mai, mutum ya yi wanka da rabin buta ya fesa turare ya tafi ɗaurin aure."

Bai yi dariya ba. Ya rufe akwatin a hankali, ya ce, "A can garinku, in wuta ta ɗauke, kowane gida akwai irin wannan akwatin?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To nan akwai."

Maganar 'yancin riƙe makami kuwa ya haddace ta kamar karatun allo. In ka taɓo ta, ka shirya tsayuwa har ƙafarka ta yi tsami. Kullum yana mitar takardun da jiharmu ke sa mutum ya cike, yana cewa da ya san haka da tsallaken kogi ya sayi gida, a Virginia. "Kundin tsarin mulki ne ya ba ni," in ji shi, "ba gwamna ne ya ara mini ba." Wata rana da na tsokane shi da yawa, sai ya ba ni labarin kakansa a jihohin kudancin ƙasar. Ya ce in fararen fata suka zo ƙofar tsohon da wuta a hannu, ba a kiran 'yan sanda, don wani lokacin suna cikin waɗanda suka zo. Bindigar kakan ce ta sa yau akwai shi a duniya. Ranar dai ban sami abin barkwanci ba, na ce Allah ya kyauta, na koma gida.

Haka muke zaune lafiya, ni da shirmena, shi da gwangwanayensa, har shekarar da surukina ya zo aikin gwiwa.

Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya hutawa. Ko a layin biyan kuɗi a kanti sai na tara jama'a. Amma a gaban Baba, mahaifin matata Hajiya, bebe nake komawa. Kusan shekara ashirin da aurenmu, ban taɓa cin abinci yana kallo ba. A cikin gidan da nake biya wa banki bashi duk wata, sai ga ni ina ɗaukar farantina ina laɓewa a gareji kamar ɓera. Da safe in cire silifas tun daga bakin falo, in durƙusa, in gaishe shi idona a kan kafet, in tashi da baya da baya. In yana so a rage sanyin ɗaki, 'yarsa zai gaya wa, ita ta gaya mini, alhali ga ni nan tsaye kusa da shi har ina jin ƙamshin turarensa. Shi ma haka yake yi da ni. Kunya ce ta girma, kuma duk mun yarda da ita.

Baba tsohon ɗan kasuwar yadi ne a Kantin Kwari na Kano, irin dattijan da unguwa ke jingina da su. Ba a yi haihuwa ko rasuwa ko faɗan miji da mata a layinsu ba tare da sandarsa ta isa ƙofar ba. Turancinsa bai wuce gaisuwa ba. Kunnensa kuma ya yi nauyi, ga shi ya ƙi na'urar da aka saya masa, ya ce tana sa masa ƙarar murfin tukunya a ka. Da likita ya ce ya riƙa tattaki don gwiwar ta saki, sai ya mayar da tattakin zagayen gaisuwa. Kowace safiya zai zura doguwar riga, ya ɗaura takunkumi saboda annobar da ake ciki, ya bi layin yana ɗaga wa kowa hannu, har karnuka. Abu ɗaya ne ya dame shi. Ya tambayi Hajiya, wai shi tun da ya zo bai ga wani ya shiga gidan wani ba, ko gaba ake yi a unguwar?

Azumi ya zo ya kusa ƙarewa, sai labari ya ɓulla cewa masu kutse sun tsayar da babban bututun da ke kawo mana mai. Kafin ka ce me, gidajen mai sun cika. Wasu an rufe kan famfunan da leda. Ni kuwa wallahi sai na ji kamar an kawo mini gida har ƙofa. Na shiga layi ina murmushi, ina ba na gabana da na bayana darasi: a kashe mota, a tura da hannu, kada a bar rata ko ta tafin hannu. Na ce musu abin da ya rage kawai 'yan bumburutu su fito bakin titi da galan da mazurari, aikin ya kammala. Na ga mai ɗura fetur a jarka, na ga mai ɗurawa a robar wanki, kuma na rantse da an bar wani da a hularsa zai ɗura.

A layin nan dariyata ta fara raguwa. Wata mota ta kutso ta gefe, na bayanta ya fito yana zagi, mai kutsen shi ma ya fito. Na buɗe ƙofa zan je rabon faɗa, don a inda na tashi in biyu suka kaure, goma ne za su shiga tsakani suna a yi haƙuri, azumi ake. Ƙafata ɗaya na waje sai na ga mai kutsen ya ɗaga gefen rigarsa kaɗan. Ƙaramar bindiga ce a ƙugunsa. Layin ya yi tsit. Na ji gilasan motoci suna hawa sama ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da ƙafata ciki, ni ma na ɗaga nawa.

Da na dawo gida da yamma, Janar ya kira ni bakin shinge. Shingen katako ne mai tsawo ya kewaye bayan gidansa, da 'yar ƙofa a gefe wadda ita yake bi kullum, don ƙofar gaba tun rasuwar matarsa bai cika buɗe ta ba. A can baya, cikin wata rumfa, yake ajiye durorin mansa da janareto. Idanunsa sun yi ja. Bindiga a ƙugunsa, a fili, abin da ban taɓa gani ya yi ba.

Ya ce an zuƙe masa mai daga a-kori-kurarsa da tiyo, a ƙofar gidansa. Ya ce tun daga nan a rumfa yake wuni, a rumfa yake kwana.

Na ce, "Ka ga ɓarawon nan ɗan gari ne, Janar, ya san inda albarka take."

Ya ce, "Bar wasa. Tsohon nan na gidanka. Kyamarata ta nuna mini shi yana taɓa sakatar ƙofar nan, ba sau ɗaya ba."

"Gaisuwa yake son yi. Haka muke a can."

"Na sani. Ina ganin girmanka, shi ya sa nake gaya maka. Idona ba kamar da ba, ban yi barci ba, kuma duk wanda ya wuce ƙofar nan ba zan tsaya tambayarsa daga ina ba. Lauyoyi su yi gardamarsu daga baya. Ka gaya masa. Yau."

Na shiga gida da niyyar gaya masa. Wallahi da niyyar na shiga. Na cire silifas, na durƙusa a gefen kujerarsa, yana jan carbi yana jiran a sha ruwa. Na ce, "Baba, barka da yamma." Ya amsa. Na ce, "Ya ibada?" Ya ce alhamdu lillahi. Na ce, "Ya ƙafar?" Ya ce da sauƙi. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa mutumin da ya ba ni 'yarsa kada ya je wuri kaza? Kuma da kunnen nan nasa sai na ɗaga murya kafin ya ji. Ni, in ɗaga wa Baba murya? Na sake tambayarsa ya ƙafar. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce har yanzu dai da sauƙi.

Na bi hanyar da aka saba. Na sami Hajiya a kicin tana soya ƙosai, na zayyana mata komai, har jan idon.

Ta ce, "Kai dai Malam, da ƙarin gishiri. Jiya ka ce layin mai ya kai har birnin Baltimore."

"Hajiya, wannan karon ko ƙwaya ban ƙara ba. Ki gaya masa."

Ta ga fuskata, ta rage wuta, ta tafi. Ta dawo ta ce ta gaya masa, ya ce to. Na sami natsuwa na sha kununa. Sai daga baya na ji yadda ta faɗa. Ita ma ba za ta iya kallon mahaifinta ta ce za a harbe shi ba, ga hawan jini, ga baƙunta. Abin da ta ce shi ne, maƙwabcin nan yana cikin damuwa kwanakin nan, an yi masa sata, ba shi da kowa, a ɗan bar shi ya huta. Duk wanda ya san Baba ya san abin da ya ji a cikin wannan magana: ga mutum an yi masa sata, ba shi da kowa, kuma har yau babu wanda ya je masa jaje.

Ranar Sallah muka lallaɓa da ɗan man da ya rage muka je idi muka dawo. Gida ya cika da ƙamshin miyar taushe. Na hau sama ina waya da 'yan'uwa a Kano, ina ba su labarin yadda Amurka ta koma layin mai, suna ta dariya suna cewa a turo mana da jarka ta jirgi. Ina tsaye a bakin taga ina kwasar shirme, sai idona ya sauka ƙasa.

Baba ne, cikin farar babbar riga ta shadda, da takunkumi a fuska. Sanda a hannun dama, kular tuwo a hannun hagu. Ya tsallaka ciyawarmu ya shiga ta Janar. Bai ko kalli ƙofar gaba ba. A ganinsa wadda maigida ke bi ita ce zaure. Ya jingina sandar, ya ɗaga sakata, ya tura, ya ɗauki sandarsa ya shiga.

Ban san inda na yar da wayar ba. Matattakalar gidan nan ban taka ta ba, zubowa na yi. Na fita ba takalmi ba hula. Amma da na iso bakin shingen sai ƙafata ta tsaya da kanta, don wani tunani ya zo mini: mutum ɗaya yana tafiya a hankali, wani kuma ya faɗo a guje a bayansa, me mai bindiga zai gani?

Ta ƙofar da ke buɗe ina hango komai. Baba ya yi nisa cikin filin, yana ɗingishi, yana rafka sallama da muryar nan tasa ta masu nauyin kunne. Ya tsaya ya jira amsa kamar yadda aka koya masa tun yana yaro, ya ƙara gaba, ya sake yi. A cikin duhun rumfar kuma, tsakanin durorin mai, wani abu ya motsa.

Muryar Janar ta fito, irin wadda ban san yana da ita ba. "Tsaya nan! Ajiye abin da ke hannunka! Ajiye!"

Baba bai ji ba. Ko ya ji, bai gane ba. Abin da ya gane shi ne akwai mutum a rumfar, don haka ya juya ya nufe ta, fuskarsa a rufe, wani abu mai murfi a hannunsa. Na ga bakin doguwar bindiga ya fito cikin hasken rana. Na ji wani ɗan sauti na ƙarfe, ƙaras.

"Kada ka ƙara taku! Na rantse zan harba!"

Sai Baba ya rataya sandar a hannu, ya zura hannun dama cikin babban aljihun rigarsa. Na san abin da ke ciki. Dabino ne, kullum da shi yake yawo don rabawa. Janar bai sani ba.

Abin da ya fito daga bakina har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na kurma ihun da na tabbata an ji shi har can garin Silver Spring.

"Baba! Tsaya! Fitar da hannunka! Zauna a ƙasa! Na ce ka zauna!"

Haka na faɗa, kamar ina yi wa yaro tsawa. Ya ji. Ya waiwayo a hankali, hannun har yanzu a aljihu, yana duban wanda ya yi masa wannan magana. Na shiga filin hannuwana a sama, ina tafiya kamar mai taka ƙwai, ina magana da harshe biyu. Da Turanci ina cewa Janar ni ne, ni ne, tsohona ne, abinci ne, abinci ya kawo maka. Da Hausa ina cewa Baba kada ka motsa, don Allah kada ka motsa. Na zo na tsaya a gabansa, na ba rumfar ƙirjina. Ban taɓa sanin ramin bakin bindiga yana da faɗi haka ba. Da an ce in shiga ciki in kwanta, da na shiga.

Na kama hannun Baba ta baya, na zaro shi daga aljihun da ƙarfi. Dabinon ya zube a ciyawa.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Daga baya bakin bindigar ya yi ƙasa. Janar ya fito, ya dubi dabinon, ya dubi kular, ya zauna a kan duro kamar an yanke masa igiya. Ya ɗora bindigar a kan cinyarsa.

Ya ce, "Na gaya maka ka gaya masa." Ya sake cewa, "Na gaya maka." Can kuma ya ɗago, idonsa cike da ruwa, muryarsa ta yi tauri. "Gidana ne. Ina da haƙƙi. Ka sani ina da haƙƙi."

Baba ya sauke takunkuminsa. Sai a lokacin ya ga abin da ke kan cinyar mutumin sosai. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sunkuya da gwiwar nan da aka yi wa aiki, ya ajiye kular a ƙasa, ya gyara mata zama don kada ta karkace. Na miƙa hannu zan ɗauka, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bar masa. Da sunansa aka zuba."

Muka fito, yana gaba ina baya. Hajiya na tsaye a ƙofarmu da ludayi a hannu, bakinta a buɗe.

Ranar ba wanda ya ci tuwon kirki. Bayan la'asar ina gareji a zaune a kan taya, sai na ji sanda tana taɓa siminti. Baba ne da kansa, ba aike. Na zabura zan durƙusa, ya yi mini alama in zauna. Ya tsaya yana kallon jarkokin da ni ma na jera a jikin bango a makon nan.

Na ce, "Baba, a gafarce ni, na ɗaga murya."

Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ya ce, "Mutumin nan. In ya faɗi a cikin gidan nan, wa zai shiga ya ɗaga shi?"

Na ce, "Sai dai a kira hukuma, Baba."

"Me?"

Na ƙara murya. "Hukuma!"

"Maƙwabta fa?"

Na girgiza kai. Ya gyaɗa kai. Ya nuna gidan da ke hagu da mu da sandarsa, ya nuna na tsallaken titi, ya ce, "Waɗannan ma suna da ita?"

Na ce ban sani ba, amma zai yiwu.

"Duk waɗanda nake ɗaga wa hannu?"

"Zai yiwu, Baba."

Ya sauke sandar. Sannan ya ce in gaya wa 'yarsa ta sa a matso masa da ranar tafiya.

Ba a jima ba mai ya dawo, aka cire ledojin daga kan famfuna, kowa ya koma ɗaga wa kowa hannu. Janar ya sa wa ƙofar gefen kwaɗo mai girman kan jariri, ya ƙara kyamara a kan shingen, wadda ke kallon ƙofarmu. Likita ya roƙi Baba ya tsaya a yi ɗaya gwiwar, Hajiya ta yi kuka, ya ce wadda aka yi ta isa. Sauran kwanakinsa a wurinmu bai sake taka ciyawar waje ba. A falo yake tattakinsa, daga bakin kicin zuwa taga, daga taga zuwa bakin kicin, labule a sauke.

Ran da za mu kai shi filin jirgi, na fito da mota na tsayar a ƙofar gida na buɗe masa gaba. Ya leƙo, ya dubi shingen, ya koma ciki. Ya aiko Hajiya ta ce in mayar da motar cikin gareji, in rufe ƙofar, a can zai shiga.